Ɗakin Albasar Kawu Mode

Duk wanda ya san Bahijja a Bodinga ya san ba ta da hira sai ta albasa. Ko gidan suna aka je, mata na zancen atamfa da tsadar gero, kafin a ankara ta karkatar da hirar ta koma kan yadda iska ke ratsa tsibin albasa. Ƙawayenta har suna suka laƙa mata, wai Uwar Albasa, ita kuwa ko a jikinta. Lissafi ta karanta a jami'a a Sakkwato, tana kan digirinta na uku. Abin da ya tsaya mata a rai tun tana yarinya shi ne yadda manoma ke cire albasa da bazara, su jibge ta a rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa, suna jiran ta yi daraja, amma kafin damina ta yi nisa kusan rabi ta ruɓe.

Aikin da ta kwashe shekaru tana yi, in za a faɗe shi a sauƙaƙe, gini ne a cikin kwamfuta. Ta gina ɗakin albasa da lissafi zalla, ta cika shi da albasar lissafi, ta sako masa iskar lissafi, tana kallon inda iskar ke bi da inda take maƙalewa. Albasa ko an cire ta tana numfashi, tana fitar da zafi da danshi. In iska ba ta kwashe su ba sai tsakiyar tsibi ya yi gumi, ruɓa ta fara daga inda ido ba ya kaiwa. Bahijja ta matsar da taga, ta ɗaga rufi, ta rage faɗi, ta rushe ta sake ginawa sau ba adadi ba tare da ta sayi bulo ko ɗaya ba. Burinta guda ne: a sami ɗakin da zafin gabas da na yamma, na sama da na ƙasa, za su zo daidai, kada wani lungu ya fi wani zafi. Ranar da kwamfutar ta nuna mata hakan, sai da mijinta Mansur ya shigo da gudu saboda ihun da ta yi, ya ɗauka kunama ce.

Da jami'a ta amince a gina ɗakin a ƙasa don gwaji, ba ta yi dogon tunanin inda za a kai shi ba. Akwai wan mahaifiyarta, Kawu Mode, a wani ƙauye bayan Kajiji, cikin ƙasar Shagari. Dattijo ne mai son girma da son zumunci, kuma duk abin da gidansa zai ci da abin da zai sa a shekara daga albasar rani yake fitowa. Aka gina ɗakin a bayan gidansa, jikin katanga, kusa da turken awaki. Ranar da za a zuba albasa Bahijja ta zo da tsohon ciki, tana tafe tana nishi, ta tarar ya sa an kwaso amfanin gonarsa kaf an tara a ƙofar ɗakin.

Ta ce, "Kawu, gwaji na fa. A zuba rabi nan, rabi a kai rudu yadda anka saba."

Kawu Mode ya dube ta kamar ta zage shi. "Rabi? Ɗiyar ƙanwata ta yi karatu har jami'a ta yi mata gini, sannan in kwashi albasata in kai ga kara da haki? Mutane su ce mi? Su ce Mode bai yarda da jininai ba?"

Ta yi magiya, ta kawo dalilai, har ta haɗa shi da matarsa Inna Balaraba. Ina, Kawu ya kafe. A ƙasan ranta kuwa daɗi ta ji, don babu wanda ya taɓa yarda da lissafinta har haka, ko malamanta. Aka zuba duka.

Ɗakin yana da tagogi a sama, yana da wasu a ƙasa masu murfin katako. Na sama a buɗe suke kullum. Na ƙasa kuwa sai an duba yanayi, don iskar da ke gyara albasa yau ita ce za ta iya lalata ta gobe in ta ɗauko laima. Saboda haka Bahijja ta zo da ma'aunai shida, kowanne bai wuce kwalin ashana ba, ta bi lungu-lungu ta cusa su a cikin albasar. Su za su riƙa jin zafi da danshin ciki, su aika wa wani akwati da aka kafe a bango da farantin sola a kansa, shi kuma ya turo mata a waya. In ta ga tsibi ya fara ɗumi sai ta kira Kawu ya buɗe tagogin ƙasa, a shiga a tsince wadda ta fara lalacewa.

Ta yi masa wannan bayani irin na masu boko, da sauri, rana na dukanta, bayanta na ciwo, shi kuma yana ta gyaɗa kai. Ta ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin ganewa, alhali a wajen Kawu ladabi ne ga mai ilimi. Tambaya ɗaya ya yi, lokacin da ya karɓi ɗaya daga ma'aunan da hannu biyu yana jujjuyawa.

"Wanga abu naki na?"

"Na jami'a na, Kawu. In an ƙare aiki mayar musu za ni yi." Ta karɓa ta tura shi cikin albasa har gwiwar hannu. "Kai dai ka rufe ƙofa, kada a riƙa buɗewa. Tagogin ƙasa kuma kada a taɓa su sai na kira ka."

"An gama," in ji Kawu.

Ba ta yi sati biyu da komawa Bodinga ba ta haihu, aka sami Nusaiba. Aka shiga wankan jego da kunun kanwa da 'yan barka, amma wayar nan ba ta bar hannunta ba. Mahaifiyarta har faɗa take yi, wai ba ta taɓa ganin mai jego da ke shayar da ɗiya da hannu ɗaya tana latsa waya da ɗaya ba. A fuskar wayar akwai layuka shida, kowane ma'auni da launinsa. Ranar da aka zuba albasa layukan a warwatse suke, wani sama wani ƙasa, kamar yadda ta zata. Bayan 'yan kwanaki sai ta ga sun haɗe wuri guda kamar igiya ɗaya, suna ɗan hawa da rana, su ɗan sauka da asuba, tare. Zafin gabas da na yamma, na sama da na ƙasa, duk sun zo daidai, kuma da sanyi-sanyi.

Ta tura wa malamin da ke duba aikinta, Dakta Zayyanu. Mutumin da ba ya yabon ɗalibi ko da kuskure, sai ga shi ya kira ta da kansa.

"Malama Bahijja, na daɗe ina wanga aiki, ban taɓa ganin gini ya bi lissafi haka ba. Har ya fi abin da kwamfuta ta hanga kyau."

Kalmarsa ta ƙarshe ta ɗan tsaya mata a wuya. Ta san bulo da kwano ba su cika biyayya irin ta lambobi ba. Ta kira Kawu ta tambaye shi ko akwatin bango yana nan lafiya, ko wani ya taɓa shi. Ya rantse mata babu wanda ya ko kusance shi, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ajiye waya hankalinta kwance. Ai shekaru ta yi tana neman layukan nan su haɗu, yanzu da suka haɗu ba ta ga dalilin tsananta musu bincike ba.

Damina ta faɗi, hanyar ƙauyen ta zama taɓo, ga jaririya, ga rubutun digiri. Sau biyu Kawu yana kira yana tambaya ko a buɗe tagogin ƙasa, don ya ga maƙwabta na ta fama da nasu rudun, suna tsincewa suna zubarwa. Sau biyun tana duba waya ta ce masa, "Bar su, Kawu, albasarka barci takai." Shi kuwa sai ya koma zaure ya miƙe ƙafa, yana ba mutane labarin ɗiyarsa da ke Bodinga tana ganin cikin ɗakinsa.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara, ta ga lambar Kawu, amma muryar Inna Balaraba ta ji, ƙasa-ƙasa kamar mai gudun a ji ta.

"Bahijja, kawunki ya hana in gaya miki, wai kada a tada hankalin mai goyo. Amma ni dai ban iya yin shiru. Ƙudaje sun yi yawa ga ɗakin ga. Da muna cewa turken awaki na. To jiya na ga wani ruwa baƙi shina fitowa ta ƙarƙashin ƙofa."

Bahijja ta cire wayar daga kunne ta duba layukan. Suna nan a haɗe, lafiya lau, babu wanda ya motsa.

"Inna, ko ruwan sama na ya kwanta?"

"Ruwan sama ba ya wari haka, ɗiyata."

Ko karin kumallo ba ta tsaya yi ba. Ta goya Nusaiba, Mansur ya sa ta a mota, suka wuce Shagari ta sauka Kajiji, daga nan ta hau kabu-kabu. Duk tsawon hanya tana lissafi a kai, tana nemo dalilan da za su sa a ga ruwa a ƙofa alhali albasa na lafiya. Ta samo guda uku masu kyau. Tun kafin mai babur ya tsaya, iska ta kaɗo daga bayan gidan, dalilan nan uku suka watse.

Kawu Mode na tsaye a ƙofar ɗakin da mabuɗi a hannu, ya sa babbar riga kamar mai shirin karɓar baƙi. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Balaraba ta tashe ki a banza. Na ce mata in da wani abu, da ke kin fara gani."

Bahijja ta kwance goyo ta miƙa wa Inna, ta ce a buɗe.

Ƙofar ta ƙi turuwa sai da Kawu ya sa kafaɗa. Da ta buɗe, wani zafi ya bugo su kamar an ɗaga murfin tukunya, sai wari, sai ƙudaje da suka taso gaba ɗaya. Tsibin da suka bari ya kusa kai ƙirjin mutum ya zube ya koma iya gwiwa. Ta sama ta yi tsiro fari dogo saboda duhu, ta ƙasa ta narke ta zama baƙin kunu yana tsiyaya tsakanin katakan daɓe. Bango ya yi gumi. Babu wani lungu da za a nuna a ce wannan ya tsira.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna Balaraba daga baya, ta maimaita, ta sake maimaitawa.

Kawu ya tsaya a bakin ƙofa. Bakinsa a buɗe, mabuɗin na hannunsa, yana kallon noman rani guda, ban ruwan da ya yi da sanyin asuba, da abincin gidansa na shekara. Bahijja ta ɗaga waya, don har yanzu wani sashe na kanta bai yarda ba. Wayar ta ce mata ɗakin da take tsaye a bakinsa yana da sanyi, kuma a bushe yake.

Ba ta san lokacin da ta cire takalmi ta shiga ba. Ta nufi kusurwar gabas inda ta cusa ma'auni na farko, ta tura hannu cikin ruɓar, zafinta kamar na tuwon da aka sauke yanzu. Ta lalube, babu. Ta koma tsakiya, ta tona har ta taɓo katako, babu. In ma'aunan sun lalace ai shiru za su yi, ba za su yi wata da watanni suna turo ƙarya mai tsari haka ba. Ta juyo, hannuwanta baƙi har gwiwa.

"Kawu, ma'aunan nan. Ba su ciki."

Sai a lokacin Kawu ya motsa. Abin mamaki, fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya tuna da wani abu guda da bai ɓaci ba a cikin wannan masifa.

"A'a, kwantar da hankalinki. Waɗannan suna nan lahiya. Fito ki wanke hannu ki gani."

Ta bi shi kamar mai tafiya cikin barci. Ya wuce da ita tsakar gida, ya shiga ɗakin Inna Balaraba, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda ko da bazara sanyi gare shi. A ƙuryar ɗakin akwai jeren kwanonin Inna na aure. Ya sauke na sama, ya sauke na biye, ya ɗauko wata babbar kwalla mai zanen furanni ya ajiye a kan gado. Ya ɗaga murfin. A ciki, a kan sabon ɗankwali da aka ninke, ma'aunai shida ne a jere, kowanne da 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa.

"Kwana kaɗan da tahiyarki na shiga in duba ko rufi ya zauna daidai kahin ruwa ya zo," in ji Kawu. "Sai na ishe kusu ya fara gurguran guda, kin ga wurin haƙoranai nan. Na ce subhanallahi, kayan jami'a, an ba ɗiyata amana, ta kawo gidana, kusu ya cinye? Da wane ido za ni dube ki? Na bi duk inda na ga kin sa hannu na tono su. Ai kin riga kin yi awonki tun rannan. Tela ma in ya auna mutum ba ya bar mashi tef a jiki."

Bahijja ta zauna a bakin gadon ba don ta yi niyya ba. Watanni ke nan tana auna cikin kwallar Inna Balaraba. Layukan da suka haɗe, waɗanda Dakta Zayyanu ya yaba, waɗanda ta kwana tana kallo tana jin ta fi kowa, ba su haɗu don lissafinta ya yi daidai ba. Sun haɗu ne don suna kwance gefe da gefe a kan ɗankwali ɗaya. Ta ɗauki guda ta riƙe a tafin hannu, ta kalli waya. Ba a jima ba jan layi ya rabu da 'yan'uwansa ya fara hawa, yana jin ɗumin hannunta. Ma'aunan lafiyarsu ƙalau, babu abin da suka taɓa faɗa mata sai gaskiyar inda suke.

Haushi ya taso mata, ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta dubi dattijon nan da bai taɓa ajiye kayan wani a inda ɓera zai kai ba, wanda ko buta aka bar masa sai ya sa ta a inuwa. Ta tuna ita ce ta tambaye shi akwati ba ta tambaye shi ma'aunai ba, ita ce ta ga abu ya yi kyau fiye da kima ta yi murna maimakon ta hau mota.

Kawu na ta magana, yana lallashinta shi da ya yi asara. "Albasa kam Allah bai nufa ba. Haka Ya so. Kada ki sa ma ranki damuwa, ko rudu ma ruɓa takai. Ki kwashi kayanki ki mayar musu, ba wanda za ya ce ɗiyata ta yi sakaci da amana."

Ta yanke shawara a ranta ba za ta gaya masa ba. Za ta ce lissafinta ne ya kuskure, ta ɗauki abin a kanta, ya ci gaba da zama da mutuncinsa. Har ta buɗe baki. Amma Inna Balaraba na tsaye a bakin ƙofa da Nusaiba a kafaɗa, kuma tun ɗazu idonta na kan wayar, ta ga yadda jan layin ya tashi lokacin da Bahijja ta damƙe abin a hannu.

"Malam," in ji Inna a hankali, "abin ga fa kamar har yanzu awo shikai."

Kawu ya dubi matarsa, ya dubi wayar, ya dubi kwallar. Mutum ne mai jinkirin gane na'ura, amma ba wawa ba ne. Bahijja na kallon fuskarsa lokacin da abin ya fara isa gare shi, ta ga yadda sakin da ta yi ɗazu ya gushe.

"Bahijja." Rabon da ya kira sunanta kai tsaye tun tana ƙarama, kullum ɗiyata yake cewa. "Da kika ce mani albasata barci takai, wanga abu kika dubawa?"

"Kawu, laihina na, ban yi maka bayani yadda..."

"Ba shi na tambaye ki ba. In da na bar su ciki, da kin ga albasa na ɗumi?"

Ta sunkuyar da kai. Ƙaryar da ta shirya tana nan a bakinta, amma ya tsare ta da ido, kuma ta san in ta faɗe ta zai gane, ya ƙara jin ta raina shi.

"Da na gani, Kawu."

"Da wuri?"

"Tun kahin ruwan hwari. Da na kira ka ka buɗe tagogi."

Kawu Mode ya gyaɗa kai, wannan karon na ganewa. Ya nemi wurin zama bai ga kujera ba, sai ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya jingina da ƙafar gadon matarsa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Warin albasar ya biyo su har cikin ɗakin, daga waje kuma ana jin muryoyin maƙwabta da suka fara taruwa suna salati. Ya daɗe yana kallon kwallar nan mai furanni, sannan ya yi magana, ba da Bahijja ba, ba da Inna ba.

"Kullum da sahe sai na buɗe na goge su," ya ce. "Kada ƙura ta hau."